Yadda Fasaha Ke Sa Ƙarin Ciwon Daji Ya Tona Asirin Kansa: Darasi Kan Na'urar PET Da Sandar Gamma

Darasin yau zai bar batun waya da manhaja, ya leƙa asibiti, inda ake amfani da sensa da sigina da lissafin kwamfuta wajen farautar wani ciwo mai iya ɓuya.

A watan Oktoban 2003 likitoci a Amurka suka yi wa Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, hoton CT domin duba ƙodarsa. Suna cikin dubawa sai suka hango ƙari a jikin fankiriyas, wato sashen nan da ke bayan tumbi wanda ke samar da insulin. Ya shafe kimanin wata tara bai yarda an yi masa tiyata ba, sai a ƙarshen Yulin 2004. A Janairun 2007 ya gabatar wa duniya iPhone, a 2009 aka yi masa dashen hanta, ranar 5 ga Oktoban 2011 ya rasu yana da shekara 56. Masu kallon finafinan Indiya kuma za su tuna jarumi Irrfan Khan, wanda ya sanar a 2018 cewa yana fama da ciwo daga wannan dangi, ya rasu a Afrilun 2020.

Sunan ciwon ƙarin niyuro-endokirin, likitoci na taƙaita shi da NET. Babbar matsalarsa ita ce gano inda yake, kuma a nan fasaha ta shigo.

Mene ne NET?

A cikin hanji da huhu da fankiriyas akwai wasu ƙwayoyin halitta a warwatse waɗanda ke karɓar saƙo kamar jijiya, su kuma saki sinadarin homon cikin jini. Idan suka fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, sai su zama ƙari. Wani likita Bajamushe mai suna Siegfried Oberndorfer ne ya bayyana irin wannan ƙari na ƙaramin hanji a 1907, ya lura cewa yana kama da sankara amma girmansa a hankali yake.

Wannan jinkiri shi ne ke yaudara. Mutum zai iya shekaru yana fama da ciwon ciki da gudawa da jin zafi na taso masa a fuska, ana ba shi maganin gyambon ciki ko na wani abu daban. Wani ƙarin da ke fankiriyas yakan saki insulin fiye da kima, sukarin jini ya faɗi, mutum ya riƙa suma, alhali ƙarin bai kai santimita 2 ba. Sau da dama kafin a gano ciwon ya riga ya yaɗu zuwa hanta.

Ciwon ba shi da yawa, amma ana ƙara samun sa. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a Amurka adadin sababbin masu ciwon ya tashi daga kimanin mutum 1 cikin 100,000 a 1973 zuwa kusan mutum 7 cikin 100,000 a 2012. Ingancin na'urorin hoto na daga cikin manyan dalilan wannan ƙaruwa: abin da a da ba a gani, yanzu ana gani.

Inda CT da MRI ke tsayawa

CT da MRI suna nuna siffa: girman abu, inda yake, da yadda ya bambanta da naman da ke kewaye da shi. Suna da matuƙar amfani, musamman MRI wajen duba hanta. To amma a ɗauki ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6 a naɗe cikin ciki. Ƙari mai girman ƙwayar wake zai iya maƙalewa a bangonsa, launinsa a hoto bai bambanta da na hanjin ba. Wani lokacin ma ba ɗaya ba ne, suna da yawa a wurare daban-daban. Neman su ya zama allura cikin ruwa.

Duk wanda wayarsa ta taɓa ɓacewa cikin ɗaki ya san hanya mafi sauƙi. Zai iya ɗaga katifa da filo yana dubawa, ko kuma ya ari wayar wani ya kira lambarsa, wayar ta yi kuka da kanta. Masana sun bi hanya ta biyu: sun nemi dabarar da za ta sa ƙarin ya fitar da sigina.

Ramin caji da kan caja

A 1973 masu bincike a ɗakin gwajin Roger Guillemin da ke Cibiyar Salk a Kalifoniya suka gano wani homon mai suna somatostatin. Aikinsa a jiki kamar birki ne, yana hana ƙwayoyin halitta sakin wasu homon ɗin. Domin ya yi aiki, sai ya shiga wani gurbi na musamman da ke bangon ƙwayar halittar. A kira wannan gurbi makarɓi. Kamar ramin caji yake a jikin waya: kan cajar da ya dace da shi kaɗai ke shiga. Makarɓan somatostatin iri biyar ne, kuma yawancin ƙarin NET suna ɗauke da iri na biyu da yawan gaske, fiye da akasarin naman jiki mai lafiya.

Somatostatin na asali ba ya daɗewa, cikin kimanin minti 3 rabinsa ya narke a jini. Don haka kamfanin Sandoz da ke Basel a Suwizalan ya ƙera kwaikwayonsa mai suna oktiriyotayid, wanda ke jurewa fiye da awa ɗaya, kuma yana shiga makarɓi iri na biyu daidai wa daida.

A ƙarshen shekarun 1980, Eric Krenning da abokan aikinsa a birnin Rotterdam na ƙasar Holan suka yi tunanin ɗaura wa wannan kan caja wata 'yar fitila, wato sinadari mai fitar da radiyeshin. Idan aka yi allurarsa, zai zaga jiki, ya maƙale a duk inda makarɓan suke, ya riƙa fitar da hasken gamma, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa nama ya fito waje. Daga wannan aiki aka samu OctreoScan, mai amfani da sinadarin indiyom-111, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1994. Ana ɗaukar hotonsa da kyamarar gamma, na'urar da Hal Anger ya ƙirƙiro a 1957. Ya taimaka ƙwarai, sai dai hotonsa da dishi-dishi, kuma majinyaci sai ya koma asibiti washegari a sake ɗauka.

Maganin da ya maye gurbinsa a manyan asibitoci shi ne DOTATATE mai ɗauke da galiyom-68, wanda FDA ta amince da shi a 2016 da sunan Netspot. Sassa uku ne a haɗe:

1. TATE: kan cajar da ke shiga makarɓi.
2. DOTA: wani keji ɗan mitsitsi da ke riƙe ƙarfe kada ya kuɓuce.
3. Galiyom-68: ƙarfen da ke cikin kejin, shi ne fitilar.

Mai karatu ya riƙe wannan tsari na sassa uku, domin zai sake dawowa a gaba.

Lissafin rabin-rai

Kowane sinadari mai radiyeshin yana da lokacin da rabin ƙarfinsa ke ƙarewa. A kira shi rabin-rai. Na galiyom-68 minti 68 ne. Ga yadda lissafin yake idan aka fara da kashi 100:

Bayan minti 68, saura kashi 50.
Bayan minti 136, saura kashi 25.
Bayan minti 204, saura kashi 12.5.
Bayan minti 340, wato awa 5 da minti 40, saura kimanin kashi 3.

Kamar batir ne da ke zuba ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma babu cajar da za ta mayar. Alherin hakan shi ne radiyeshin ba ya daɗewa a jikin majinyaci. Abin da yake samu daga allurar kimanin milisibat 3 ne, ban da na CT, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama milisibat 2.4 ne. Wahalarsa kuma ita ce ba za a iya sayo shi daga wata ƙasa a ajiye a kanta ba.

Maganin wannan matsala wata tukunya ce mai garkuwar dalma da ake kira janareta, ko da yake ba ruwanta da lantarki. A cikinta akwai jamaniyom-68, mai rabin-rai na kwana 271, wanda a kullum yake rikiɗewa zuwa galiyom-68. Ma'aikata kan tatsi abin da ya taru, su haɗa shi da DOTATATE, su yi allurar nan take. Akwai kuma wani zaɓi mai amfani da tagulla-64, mai rabin-rai na awa 12.7, wanda FDA ta amince da shi a 2020 da sunan Detectnet. Shi ana iya haɗa shi a wani gari a aika wani.

Yadda PET ke ɗaukar hoto

Kimanin awa ɗaya bayan allura, majinyaci zai kwanta a gadon da ke shiga cikin wani babban zobe. Abin da ke faruwa a cikin jikinsa shi ne:

Galiyom-68 na fitar da wata ƙwaya mai suna fozitiron, wadda kishiyar elektiron ce. Ba ta yin nisa, cikin 'yan milimita take karo da elektiron. Dukkansu biyu sai su ɓace, a madadinsu hasken gamma guda biyu su fita, kowanne da ƙarfin keV 511, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma a kan layi miƙaƙƙe.

Zoben cike yake da dubban ƙananan duwatsun kiristal. Idan gamma ya bugi kiristal, sai ya yi ɗan walƙiya. A bayan kiristal ɗin akwai sensa da ke mayar da walƙiyar zuwa siginar lantarki. A sababbin na'urori wannan sensa ta silikon ce, 'yar uwar wadda ke cikin kyamarar waya, amma ita tana iya jin ɗigon haske guda ɗaya tak.

Kwamfuta ba ta kula da kowace walƙiya. Tana jira ne ta ga sensa biyu da ke fuskantar juna sun yi walƙiya a lokaci guda, sai ta ja layi tsakaninsu, ta san cewa abin ya faru a wani wuri a kan layin. Idan aka tara miliyoyin layuka, wurin da suka fi yawan gittawa shi ne wurin da maganin ya taru.

Sababbin na'urori sun ƙara wata dabara mai kama da ta GPS, wadda ita ma da lokacin isowar sigina take gano wuri. Haske na tafiyar santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Idan gamma ɗaya ya riga ɗan'uwansa isa, to abin ya faru ne kusa da wancan gefen. Na'urar da ke iya bambance tazarar fikosakan 200 za ta iya taƙaita wurin zuwa kimanin santimita 3 a kan layin, abin da ke sa hoto ya fi fitowa tas.

PET kaɗai tana nuna ɗigo-ɗigo masu haske ba tare da taswirar jiki sosai ba. Shi ya sa David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa ta da CT a na'ura ɗaya, aka fara gwada ta a Pittsburgh a 1998. CT ta ba da taswira, PET ta ba da ɗigon wuri, manhaja ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Ana adana hotunan a tsarin fayil mai suna DICOM, wanda ya zama wa asibitoci kamar yadda JPEG ya zama wa masu waya.

Ba kowane haske ne ciwo ba

Saifa da ƙoda da hanta da wani lungu na fankiriyas duk suna haskawa ko a jikin mai lafiya, don haka karanta hoton aikin ƙwararren likita ne. Sannan akwai ƙarin da ke yin shiru. Likitoci kan ɗauki ɗan yanki su auna saurin hayayyafarsa da ma'aunin Ki-67: ƙasa da kashi 3 mataki na ɗaya, kashi 3 zuwa 20 mataki na biyu, sama da 20 mataki na uku. Yayin da ƙari ke ƙara zafi, yakan zubar da makarɓansa, DOTATATE ya rasa wurin shiga. Irin wannan ƙari mayen sukari ne, don haka sai a yi masa tarko da FDG, sukari mai ɗauke da fuloorin-18 mai rabin-rai na minti 110. Wani majinyacin akan yi masa hotunan biyu domin a san halin kowane ƙari.

Sandar gamma a ɗakin tiyata

Tiyata ita ce hanyar da ke iya raba mutum da NET gaba ɗaya idan bai yi nisa ba. Amma hoton da aka ɗauka a makon jiya ba ya gaya wa likita komai da komai. Da zarar an buɗe ciki, hanji ya motsa. Idan an taɓa yi wa mutum tiyata a baya, tabo ya manne nama da nama. Kaluluwar da ciwo ya shiga za ta iya zama daidai da mai lafiya a ido. Abin da likita ya dogara da shi shi ne idonsa, da yatsunsa da yake bin hanjin da su kaɗan-kaɗan, da na'urar sikanin ta sauti da ake ɗorawa kai tsaye a kan hanta ko fankiriyas.

Tiyata bisa jagorancin radiyeshin ta ƙara masa kunne. Tunanin ya daɗe: tun 1949 Bertram Selverstone da abokan aikinsa a Boston suka yi amfani da fosforos-32 da 'yar na'urar ƙirga radiyeshin wajen gano ƙarin ƙwaƙwalwa. A shekarun 1990 dabarar ta bazu wajen nemo kaluluwar farko da sankarar mama ko ta fata ke fara shiga.

Sandar gamma ba ta fi babban alƙalami girma ba. A bakinta akwai sensa, an kewaye ta da garkuwar ƙarfe mai nauyi kamar tangistin, aka bar ƙofa ɗaya ta gaba. Tana haɗe da akwati mai allo da lasifika. Matakan aikin su ne:

1. A yi wa majinyaci allurar maganin kafin tiyata ko a farkonta, gwargwadon rabin-ran sinadarin.
2. Likita ya ɗora sandar a kan nama mai lafiya, misali kitsen da ke lulluɓe da hanji, ya ɗauki lambar. Wannan ita ce hayaniyar bango.
3. Ya bi wuraren da ake zargi a hankali. Yana matsowa kusa da ƙari, kukan na'urar na ƙara sauri, lamba na hawa.
4. Ya raba lambar wurin da lambar bango. Misali, idan bango ya ba da 400 a daƙiƙa, wurin ya ba da 1,200, sakamako 3 ke nan.
5. Bayan cirewa, ya auna abin da ya ciro, ya sake auna gurbin. Idan gurbin ya koma daidai da bango, alama ce mai kyau.

Nisa na da tasiri ƙwarai. Idan aka ninka tazara tsakanin sanda da ƙari sau biyu, siginar na raguwa zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan ne ya sa sandar da ke taɓa nama za ta iya jin abin da zoben PET ya tsallake daga nesa.

A Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, NIH, an gwada dabarar da galiyom-68 DOTATATE a kan majinyata 44, aka wallafa sakamakon a mujallar JAMA Surgery a 2019. Sun ga cewa idan aka ɗauki 2.5 a matsayin iyaka, sandar na kama kimanin kashi 90 cikin 100 na wuraren da ciwon yake da gaske. Sai dai takan yi kuka a wurare da dama da gwajin ɗakin bincike ya nuna ba ciwo.

Dalilan a fili suke. Hanta da saifa da ƙoda suna ta nasu ihun a kusa, kamar mai neman jin kukan waya a tsakiyar kasuwa. Gamma mai ƙarfin keV 511 yana da wuyar tarewa, yana iya ratsa garkuwar sandar ta gefe, saɓanin na teknetiyom-99m mai keV 140 da rabin-rai na awa 6, wanda wasu asibitoci ke amfani da shi a madadin. Ga kuma agogo: tiyatar da ta ɗauki awa huɗu za ta tarar galiyom ya kusa ƙarewa. Domin rage hayaniyar, masu bincike a Italiya na gwada sandar da ke sauraron ƙwayoyin beta, waɗanda ba sa wuce 'yan milimita a nama, ta yadda abin da ke ƙarƙashin bakin sandar kaɗai za a ji. A yanzu dai wannan tiyata ga masu NET ta fi yawa a cibiyoyin bincike, kuma mataimakiya ce ga ido da hannun likita.

A sauya fitila da makami

A koma ga sassa ukun nan. Idan aka bar kan caja da keji yadda suke, aka cire galiyom aka sa lutetiyom-177, me zai faru? Maganin zai je wuraren da hoto ya nuna, amma yanzu yana fitar da ƙwayoyin beta da ke lalata ƙwayoyin halitta a tazarar da ba ta wuce kimanin milimita 2 ba, kuma rabin-ransa ya haura kwana 6 da rabi. Sunansa na kasuwa Lutathera, ana ba da shi sau 4, mako 8 tsakani.

A gwajin NETTER-1 mai majinyata 229 da ciwonsu ya yaɗu, wanda aka wallafa a 2017, bayan wata 20 kimanin kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin suna raye ciwonsu bai ci gaba ba, idan aka kwatanta da kimanin kashi 11 a ɗaya rukunin. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a Janairun 2018. Ba ya warkarwa gaba ɗaya, kuma sai an kare ƙoda an kuma riƙa bin diddigin jini. Hoton PET ne ke tantance wanda zai amfana: ƙarin da bai haska ba, maganin ma ba zai same shi ba.

Ina ake samun wannan?

Kayan aikin na da tsada, suna buƙatar lantarki marar yankewa, da ƙwararru, da jigilar sinadaran da ke zuba tun a hanya. Wannan ne ya sa suka fi yawa a Turai da Amurka da Indiya. A Afirka, asibitin Steve Biko da ke Piretoriya ya yi suna a wannan fanni. A Najeriya akwai sashen likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai Cibiyar Radiyo-Izotof ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Likitan da ke duba mutum shi ne zai faɗa masa irin hoton da ya dace da shi da inda zai samu.

Abubuwan riƙewa

Na farko, waya ba ta hango cikin jiki. Gaskiya ne sensar kyamara na iya jin ɗan hasken gamma idan aka rufe ta da baƙin tef, amma duk manhajar da ta ce za ta yi wa mutum sikanin ta gano ciwo wasa ce ko damfara. Siginar waya kuma zangon rediyo ce, ba dangin gamma ba ce.

Na biyu, yawancin gudawa da ciwon ciki ba NET ba ne. Amma idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsawon watanni, ga rama, ga zafin fuska mai zuwa yana tafiya, ko yawan faɗuwar sukari ga wanda ba ya shan maganin ciwon sukari, to a koma asibiti a nemi ƙarin bincike. A riƙa rubuta ranaku da alamomi a waya, a nuna wa likita.

Na uku, wanda aka yi wa CT ko MRI ya nemi faifan hoton ko fayil ɗinsa na DICOM, ya ajiye kwafi. Hoton allo da aka ɗauka da kyamarar waya ba ya wadatar da likita na biyu.

Na huɗu, ga matashin da ke koyon rubuta manhaja: haɗa miliyoyin layuka su zama hoto, tace hayaniya, da ɗora PET a kan CT duk aikin lissafi ne da lambobin kwamfuta. Akwai manhajar 3D Slicer, kyauta ce, tana buɗe fayilolin DICOM, kuma tana zuwa da hotunan gwaji da za a iya fara koyo da su.

Ranar 10 ga Nuwamban kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan wannan ciwo, alamarta kuma zanen jakin dawa. Wanda ya san mai fama da irin waɗannan alamomi, ya tura masa wannan darasi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.